Faifan Da Na Tura Ban Gwada Ba

Assalamu alaikum Edita da masu bibiyar wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa.

Ina aiki a wani ofishin bincike a nan Sakkwato. Aikin haɗin gwiwa ne da masana na Zariya da Maiduguri kan ruwan da ke kwance ƙarƙashin fadamu. Da kuɗin mai ya zo aka sayo mana kwamfuta, aka ba ta ɗaki da na'urar sanyi kamar amarya, mu muna gumi a baranda. Kowane masani yana rubuta nasa ɓangaren furogiram, wato umarnin da kwamfuta ke bi ta yi lissafi. Ni nawa shi ne in tattara ɓangarorin in haɗa su, in gwada, in kwafa a faifai in tura wa kowa. Ƙa'idarmu ɗaya ce, ba a fitar da faifai sai an ba shi lissafin wata tsohuwar rijiya da muka san amsarta, in ya ba da daidai in manna masa jan tambari. Duk wanda ya ga jan nan ba ya ƙara tambaya.

Akwai abokin aikina, bari in kira shi Yohanna, mutumin Filato ne, maƙwabcina a Mabera, katanga ce kawai tsakaninmu. Shi ke rubuta ɓangaren zurfin ruwa. Da kansa ya gano nasa yana awo da ƙafa alhali na sauran da mita yake, ya gyara, ya kawo mini sabon faifai cikin ambulan ya ce in jefar da tsohon. Ban jefar ba. Ranar da zan haɗa aka aiko mini cewa babur ɗin da na daɗe ina jira ya iso wani shago a Sama Road, wai wani ma yana zagayensa. Ina tsakiyar haɗawa aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto komai ya goge, na sake daga farko, hannuna na kan faifai hankalina na kan babur. Gwaji kuwa rabin yini yake ci. Direban da zai kai Zariya ya leƙo ya ce, "Malam, mi kaka jira? Rana ta yi, ni ka tahiya ba kai ba." Na ce a raina sau nawa na gwada ban taɓa samun kuskure ba? Na manna ja na miƙa masa, na tafi na hau abina ina ta hon a unguwa kamar wanda ya ci yaƙi.

Da wannan faifan aka yi duk lissafin rahotonmu. Shugabanmu, wani Farfesa, ya kai shi gaban gwamnan soja, a nan wani injiniya ya miƙe ya ce ruwan da muke faɗa ya ninka na gaskiya kusan sau uku, in haka ne ai da kwalekwale za a riƙa shiga gonaki. Aka yi dariya, ban da gwamna. Farfesa ya dawo idonsa jawur ya tara mu. "Wa yar rubuta wurin zurhi? Wanga abin kunya har gaban soja!" Yohanna ya ɗaga hannu. Sai Farfesa ya juyo gare ni, "Kai, ka gwada shi kahin ka aika?" Jama'a, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Na gwada, ranka ya daɗe." Ya ce to ke nan ɓarnar tana can inda gwaji bai kai ba, mai ɓangare ya amsa. Da na koma ɗaki na jawo durowa, sai ga ambulan ɗin Yohanna yadda ya ba ni, ko buɗe shi ban yi ba. Tsohon faifai na haɗa. Mutumin nan ya yi aikinsa tsaf, ni na binne shi.

Yanzu an kafa kwamiti, mako mai zuwa zai zauna, kuma kun san zamanin da muke ciki, a rediyo mutum ke jin an sallame shi nan take. In na yi magana ni zan tafi, ga ƙarya a kan sakaci, ga iyali, ga tsohuwata da ke kirana injiniyanta. In na yi shiru shi zai tafi. Da wane ido nake tsayawa sahun gaba a masallaci? Abinci ya daina shiga, matata har jiƙo ta haɗa mini wai shawara ce ke damuna.

Jiya bayan la'asar Yohanna ya yi sallama a ƙofata, ya zauna bakin tabarma yana murza hula. Na ɗauka ya gane, wallahi har na ji sauƙi. Sai ya ce, "Maƙwabci, ka yi haƙuri, na jawo maka magana a aikinka. Na ɗauka na gyara, ƙila kaina ne ya ruɗe." Na kasa haɗa ido da shi. Ya ce in an sallame shi za su koma gida, amma babbar 'yarsa tana ajin ƙarshe, ba ya so ta rasa jarrabawa. "Ta zauna wurinka ta ƙarasa. A garin nan kai ne na yarda da kai."

Na ce masa to. Har godiya ya yi mini, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?