Rabin Maganin Kare

Alhamis, 5 ga Yuni
Ƙuma ta cinye min ƙafafu. Yau ina gaban allo ina koyar da lissafi ina susa kamar mai ƙazwa, yara na ƙunshe dariya. Duk aikin kyanwar nan ne. Wai Auta! Ni ce autar gidan nan shekara da shekaru, har ranar da Mama ta tsinto ta a bakin kwata ta ƙwace min suna. Wata bakwai ke nan da rasuwar Mama. Ta bar min Baba da rabin jiki a shanye, ta bar min wannan uwar son jikin. Ni tsakanina da Baba sai "ruwa", "to", "ya isa". Ita kuwa hira yake yi mata har da dariya, kuma ba ya cin abinci sai tana kwance a ƙafarsa. Ba haushi nake ji ba. Ƙaiƙayi ne.

Asabar, 7 ga Yuni, da safe
Maƙwabcinmu mai ƙaton karen nan ya ba ni ragowar maganin ƙumar da yake ɗiga wa karensa, a 'yar roba kamar ɗan yatsa. Ya ce, "Malama, ki duba kwalin fa, ni dai don kare na saya." Na ce ƙuma ai ƙuma ce. Na yi dabara irin tawa: tunda ita ƙarama ce, rabi na ɗiga mata a dokin wuya. Kwalin na jefa a shara. An wuce wurin.

Asabar dai, da yamma
Innalillahi.

Wajen ƙarfe uku kunnuwan Auta suka fara motsi su kaɗai, sai fatar baya. Kafin in ankara ta faɗo daga cinyar Baba, jiki na ta karkarwa, yawu na dalala. Baba ya yunƙura zai tashi, mutumin da sai an kama shi. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar rasuwar Mama.

Na naɗe ta a tawul sai asibitin dabbobi. Likitar wata siririyar mata ce mai gilashi. Ta shafa wuyan, ta shinshina yatsunta, ta ce, "Me aka ɗiga mata?" Na faɗa. Ta ce akwai magungunan kare da suke guba ne ga kyanwa, ko ɗigo nawa ne, jikinta ba ya iya fitar da su. Nan take suka wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, aka yi mata allura, aka ɗaura mata ruwa a wannan 'yar tsinken ƙafar. Na ce za ta rayu? Ta ce, "Mu ga kwana biyu tukuna."

Da na dawo gida na tono kwalin daga shara. Ga hoton kyanwa nan ɓaro-ɓaro, an ja masa jan layi. Ni da kullum nake cika wa yara kunne da "ku karanta tambaya kafin ku amsa".

Lahadi, 8 ga Yuni
Baba bai ci komai ba. Ya yanke hukuncinsa: Mai Kare ne ya sa mata guba, don kwanaki sun yi cacar baki a kan ta shiga lambunsa. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da shi." Ina tsaye da faranti a hannu. Na juya na koma kicin da shi.

Litinin, 9 ga Yuni
Na biya asibiti kafin makaranta. Da an rage allurar sai karkarwar ta dawo. Idanunta a buɗe amma ba ta san ni ba. To da can ma sanina ta yi?

Likita ta ba ni takarda in cike: sunan maganin, yawan da na sa, ƙarfe nawa abin ya fara. Wai suna aika irin wannan rahoton don a gargaɗi wasu. Da na zo gurbin "wanda ya ɗiga maganin" na daɗe riƙe da biro. Ta ce, "Ba kotu ba ce, Malama. Ba ke ce farau ba." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Baba ya sha shayi rabin kofi. Maganin hawan jininsa ma sai da na haɗa da magiya. In kyanwar nan ta mutu, bin ta zai yi. Na rubuta, ga shi nan, ba zan goge ba.

Talata, 10 ga Yuni
Mai Kare ya shigo gaida Baba, hula a hannu, bawan Allah. Baba ya juya fuska bango ya ce a fitar masa da mugu daga gida. Mutumin ya dube ni. Kallo ɗaya. Ya san komai, da ya so da nan take ya fasa ƙwai, amma ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, Baba," ya fita.

Tir da ni.

Laraba, 11 ga Yuni
Na faɗa masa. Na durƙusa gaban kujerarsa na ajiye masa kwalin a cinya. Na ce, "Baba, ni ce. Ba shi ba ne. Sai da ya ce in karanta." Ya ɗauko gilashinsa da hannun mai lafiya, ya daɗe yana kallon hoton. Na jira faɗa, na jira Allah ya isa. Sai kawai ya ce, "Kwana huɗu kina kallona ina zagin mutum." Na shiga kicin na yi kuka har shinkafa ta kama.

Alhamis, 12 ga Yuni
Ta lashi ruwa da kanta!

Asabar, 14 ga Yuni
An sallame ta. Tafiya take tana tangaɗi kamar 'yar maye, ƙafa ɗaya a aske. Ta wuce ni ko kallo, ta nufi kujerar Baba. Ya ci abinci har da neman ƙari. Ya sa na kama shi muka taka har ƙofar Mai Kare, ya ba shi haƙuri da bakinsa. Ni ma na bayar, kaina a ƙasa. Har yanzu Baba bai yi min magana ba, ko "ruwa".

Litinin, 16 ga Yuni
Likita ta ce kada a sa mata wani magani yanzu, ko na kyanwa ne, sai ta warware. Ƙumar fa? Wai in wanke shimfiɗu, in riƙa taje ta. Ni! Da na faɗa a gida, Baba ya nuna min durowar Mama da sandarsa. A ciki akwai wani ɗan mataji mai ƙananan haƙora, har da gashin Auta a maƙale. Ya ce, "Kullum da safe uwarki take yi mata, da kwanon ruwan sabulu a gefe. Shekara shida, kin taɓa ganin ƙuma a gidan nan?" Ban taɓa ba. Ina ganinta tana yi ina wucewa makaranta, ina cewa a raina rashin aikin yi ne.

Juma'a, 27 ga Yuni
Yau ƙuma biyu kacal a kwano. Na makara karo na uku a makon nan, shugaban makaranta ya fara duba agogo in ya hango ni. Laifin Baba ne. Da na zauna tajewa sai ya ɓalle da labari, yadda suka haɗu da Mama, motar da ya fara tuƙawa. Da farko na ɗauka da kyanwar yake. Yau na ɗaga kai na ga ni yake kallo.

Yanzu haka tana kwance a kan takardun jarrabawar aji biyu, ga shi ranar Litinin zan miƙa sakamako. Ba wai ba zan iya ture ta ba ne. Bari dai ta farka.