Hanyar Cocin Bayan Rafi

Talata, 5 ga Agusta
Likita bai ɓoye mini ba. Idon hagu ya tafi, na dama da wuya ya kai shekara. Shekara talatin ina ɗinki, yau kafar allura ta gagare ni. Na rufe keken ɗinkin da zane, na dawo ƙauye gidan Yaya.

Asabar, 9 ga Agusta
Yaya ta kore ni daga ɗaki. "Tashi ka taka ƙasa, ido ne ya lalace, ba ƙafa ba." Na bi hanyar rafi don ta bar ni in huta da faɗa. Tafasa ta rufe gefen hanya, furenta rawaya. Duman rafi ya malale bakin ruwa. Na tsaya ina kallonsu kamar mai haddar karatu. Amfanin me, oho.

Laraba, 13 ga Agusta
Na haye rafi har tsohon cocin da aka yi mini baftisma. Kwanon rufin ya ɗaye ta gefe guda, tumfafiya ta tsiro a jikin matakala. Benci bakwai, biyu sun karye. Wata tsohuwa na shara. Ta ce su biyar suka rage masu zuwa sujada, fasto sai wata-wata yake leƙowa. Na zauna in yi addu'a, bakina ya ƙi buɗuwa.

Lahadi, 17 ga Agusta
Ban fita ba. Na ji ƙararrawarsu daga gado.

Alhamis, 28 ga Agusta
Yau gicciyen saman cocin ya ɓace mini. Ina tsaye a gabansa, sai fari-fari kawai. Ƙarangiya ta cika mini wando ban gan ta ba, na zauna a matakala ina cirewa da lalube, hawaye na zuba. Namiji da furfura. Tsohuwar ba ta ba ni haƙuri ba, na gode mata da wannan. Ta tsinko wani ganye, ta murza, ta kai mini hanci.
"Mene ne wannan, ɗana?"
Na ce ɗoɗɗoya.
"To."
Ta koma shararta.

Juma'a, 29 ga Agusta
Rubutuna ya yi manya-manya, layi yana hawa kan layi. Littafin nan zai fi idona daɗewa.

Asabar, 6 ga Satumba
Ba sauƙi. Gefen idon dama ma ya fara duhu. Yaya ta daina cewa zai warke, ni ma na daina tambaya.
Daga rafi zuwa ƙofar coci taku ɗari biyu da sha ɗaya ne. Na yi shi da idona a rufe, sau biyu na yi tuntuɓe. Ban san abin da ya sa na ƙirga ba. Tsohuwar ta ce gobe in zo da wuri, ba su da namiji mai jan waƙa. Na ce mata ba alkawari.
Na dai roƙi Yaya ta goge mini farar rigata.