Keken Nafisa Ba Sadaka Ba Ne

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta taimakon juna a Greensboro, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Ya aiki, ya ɗawainiya da jama'a? Allah Ya ba ku ladan wahalar da kuke yi da mu.

Ni ce Ramatu, matar Malam Isufu direban tirela, mahaifiyar Nafisa da Karimu. Alhaji, ka sani ban taɓa miƙewa na yi magana a taro ba. Na rubuta wannan takarda a karanta gaban jama'a ne domin na bi duk ƙofofin da mace ke bi cikin sirri, kuma na gaji. Maganata guda ce. Keken 'yata mai ƙafa uku yana cikin kontenar da ƙungiya za ta aika gida, an kuma ce cikin makon nan za a rufe ta a kai ta bakin teku. Ina so a fito da shi kafin a rufe.

Na farko, yadda keken ya shiga kontena. Da sanyi ya fara, masu gidajen hayar da muke ciki a bayan titin Wendover suka hana ajiye keke a ƙarƙashin bene. Ɗakinmu kuwa ka san shi, mutum biyu ba sa giftawa a falo sai ɗaya ya karkace. Isufu ya nemi izinin Malam Sani mai riƙe da makullin siton ƙungiya, ya kai kekunanmu huɗu ajiya har zafi ya dawo. Ranar lodi Isufu yana kan hanya a wata jiha. Aka kwashe duk abin da ke sito, katifu da tsofaffin firiji da kekunanmu. Da na tambayi Malam Sani, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Wallahi Anti, na ɗauka na gida ne. Mutum da motarsa, me zai yi da keke a Amurka?" Ban ga laifinsa sosai ba. Ni ma da wannan tunanin na zo ƙasar nan, cewa keke na wanda bai samu mota ba ne.

Na biyu, abin da ya faru a taro. Kafin mu san an yi lodi, kai da bakinka ka sanar cewa gidan Malam Isufu sun ba da kekuna huɗu sadaka. Aka juyo da kyamarar bidiyo kan Isufu, domin kaset ɗin zai bi kontena mutanen gida su ga masu alheri. Liman ya yi doguwar addu'a. Alhaji, kai ka ɗauko Isufu daga filin jirgi ranar da ya sauka, a falonka ya kwana har ya samu ɗaki, kai ka kai shi aikinsa na farko. Mutumin nan ko gidansa ka bayar a gabansa ba zai iya ɗaga ido ya musa maka ba. Ya ɗaga hannu ya shafa tare da kowa, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Har yau roƙona yake in bar maganar. Saboda haka kada a riƙe shi da wannan takarda, tawa ce ni kaɗai.

Na uku, ina so jama'a su san ko wane irin keke ne. Da yawanku kun san Nafisa a matsayin yarinyar nan mai jan ƙafa da ke zama kusa da ƙofa a Islamiyya. Haka aka haife ta, ƙafarta ta hagu a sanƙare. Likitar da ke motsa mata jiki ce ta ce in dai ba a sa ƙafar aiki kullum ba, jijiyar za ta ƙara ɗaurewa yayin da take girma, har a kai ga wuƙar tiyata. Atisayen da ake ba ta a gida kuwa kuka ne da rigima, ni in gaji ita ta gaji. Sai aka auna ta aka yi odar wannan keke, mai kujera da majingina da maɗaurin ƙafa a feda. Mun daɗe muna jiransa.

Da ya zo sai muka rasa inda za ta hau. Wurin ajiye motocin gidanmu, kowa ya dawo daga aiki a gajiye yana baya da mota bai duba ba. Titin Wendover ko babba mai lafiya bai isa ya hau keke a kai ba. Na kai ta unguwar Glenwood wajen ƙawata, inda ɗalibai ke yawo da kekuna, tayar baya ta faɗa rami ta kife da ita. Na gwada wuraren shaƙatawa biyu, duk hawa da gangara ne, in tura ta sama ina haki, in riƙe ta a gangara kada ta kuɓuce mini. Na kusa haƙura. Wata tsohuwar Baturiya da nake kula da ita a wurin aikina ce ta ce in nemi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ke arewa da gari, ta wajen Summerfield, wadda aka cire ƙarafunanta aka mayar ta hanyar ƙafa da keke. Ta ce jirgi ba ya son tudu, don haka duk inda ya taɓa bi a shimfiɗe yake.

Lahadi uku ina ɓata hanya kafin na gano mashigarta. Babu mota ko ɗaya, bishiyoyi hagu da dama, ga ruwa a gefe. Ranar farko na ɗaure mata ƙafa, na kama bayan kujera ina bin ta, sai ta ce in saki. Na saki. Alhaji, shekara goma sha ɗaya ina tafiya a hankali domin 'yata ta cim mini. Ran nan ni ce nake gudu da zani ina kiran ta ta tsaya. Dalilin da ya sa na koyi keke ke nan da girmana, na ƙuje gwiwa, matan ƙungiya suka yi ta yi mini dariya, ni ma na taya su. Isufu ya samo nasa, Karimu ma aka saya masa. Duk Lahadin da babansu yake gari, can muke yini da kular shinkafa. A waccan bazarar likita ta ce ƙafar ta saki fiye da yadda ta zata.

Na huɗu, amsoshin da aka ba ni. Na je wurin Hajiya uwargidanka, ta karɓe ni hannu biyu, ta ce in yi haƙuri. Na kira sakatare, ya ce kekunan suna can ƙuryar kontena bayan wata mota da katifu, fito da su aikin yini guda ne, kuma kowa yana da aiki. Sannan saƙonka ya iso ni, cewa an riga an yi wa wani gurgu a gida alkawarin keken zai nemi abinci da shi, alhali a nan wasa ake yi da shi, kuma abin kunya ne a karɓe sadaka bayan an shafa fatiha.

Wannan saƙon ya fi komai yi mini ciwo, domin na san irin mutumin da ake nufi. A ƙofar gidanmu a Maraɗi akwai irinsa, da hannu yake tafiya. Ba na gasa da shi. Amma keken nan an yi shi ne daidai jikin yarinya, babba ba zai zauna a kujerarsa ba, ƙarshenta a kwance tayoyin a yi amalanke. Batun wasa kuma, ban musa ba, tana dariya in tana kai. Ban san dariyar yaro tana rage wa magani daraja ba. Zafi ya dawo, hanya ta bushe, Nafisa tana zaune. Da safe in na zo sa mata takalmi, diddigen ba ya sauka ƙasa kamar da.

Ga roƙona. Kekuna uku, nawa da na Isufu da na Karimu, na bar su, Allah Ya kai ladan inda Ya so. A buɗe kontena a fito da na Nafisa. Idan masu ɗauka ne babu, zan bar aikina ranar in zo in ɗauki katifu da kaina, kuma akwai mata huɗu da suka ce za su biyo ni. Mutumin da aka yi wa alkawari kuma, a yi shela a nema masa keken da zai yi masa amfani, ni ce zan fara ba da nawa.

Idan kwamiti ya ga duk wannan ba zai yiwu ba, to saura abu guda. Nafisa ta ji labari a bakin yara a Islamiyya. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni da Turancinta ko mutumin ƙafarsa irin tata ce, sannan ta ce, "Mama, to me ya sa ba wanda ya tambaye ni?" Keken nata ne, Alhaji, ba na Isufu ba, ba nawa ba. Ka zo gidanmu ka zauna a gabanta ka roƙe ta. Idan ta ba ka da bakinta, ba za ka ƙara jin tawa ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, Ya raya maka zuri'a, Ya sa kada ka taɓa tsayawa kana roƙon jama'a abin da yake na ɗanka.

Wassalam.

Ramatu, mahaifiyar Nafisa