Giyar Bikin Suyin

Daga Jianyang

Suyin 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mahaifiyarki kuna lafiya. Ni dai ina nan ina sassaƙa rubutu a katako, idona na ƙarewa, mai ɗakin bugu na ƙiba. Likitan da muke buga littafinsa mugun marowaci ne, ko gaisuwa sai ya ga dama, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. A babin giya ya ce mai sanyin ƙashi irin na mahaifiyarki a jiƙa masa kirfa da citta da magarya cikin tsohuwar giyar shinkafa, ƙaramin kofi safe da yamma. Sabuwa ba ta yi. Ga shafin nan na buga miki.

Ku huta lafiya.
Mahaifinki, Wen Boyan

Daga Shaoxing

Baba,

Ina gaishe ka cikin ladabi. Ba mu da tsohuwar giya sai wadda ka binne a tulu ranar da aka haife ni. Na ce a tono, Inna ta ce, "Ke mara kunya, giyar bikinki ce! Ubanki ya binne, shi zai tono ranar da za a kai ki." Na farfashe rabin tsakar gida ban samu ba. Tana kwance tana dariya, wai tunda na yi noma in shuka kabeji. Baba, yanzu ko tsinken cin abinci ba ta iya riƙewa. Ina tulun yake?

'Yarka mai biyayya, Suyin

Suyin,

Na amsa gaisuwarki, amma da fushi na karanta. Kin san abin da kike roƙo kuwa? Duk shekarun nan, in wuyana ya sage, tulun nan nake hangowa: ni da fartanya, baƙi na jira. Ban goya ki ba, ban ga girmanki ba, shi kaɗai ne aikin uba da ya rage mini.

Sai dai ke ce da gaskiya. Yana bayan rijiya, ƙarƙashin dutsen wanki. Ki bi a hankali kada ki fasa. Ki gaya wa mai taurin kan nan ni na ce.

Ki kula da ita.
Mahaifinki

Uban Suyin,

Ina gaisuwa. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa. Ka tona mini asiri, tsohon banza. Ina sha, ba daɗi. Jiya na taka har bakin gada da ƙafata. Baƙin biki sa sha shayi. Amma sai ka zo ka zuba musu.

Ka riƙa cin abinci.
Matarka, Lan