Makullin Man da Orval Ya Ɓoye

Litinin, 4 ga Agusta
Duk mai leƙen littafin nan ya rufe shi. Wendell, da kai nake. Shekara talatin da ɗaya ba lasisin bincike a ɗakin uwa ba ne.

Wendell ya sake kwance motar ubansa a gareji. Jar motar nan ta 1970, mai ruri kamar hadari. In ya tsiyaya mai a kafireta sai ta tashi, minti guda ta mutu. Ya ce in ba ta tashi kafin jerin tsofaffin motoci na ranar Asabar ba, zai sayar.

Ni na san dalili. Mijina Orval ya ɓoye ɗan makullin da ke tsayar da mai a ƙarƙashin kujerar direba saboda ɓarayi. Ranar da muka binne shi na rufe makullin da hannuna, don kada a sake tuƙa ta.

Talata, 5
Ya canza matatar mai. Shiru. Na kasa zama, sau uku ina goge murhu.

Laraba, 6
Sabon famfon mai. Shiru. Ya shigo kicin yana warin fetur, ya kai hannu kan burodin masara.
"Wanke hannu, arne."
"Mama, motar nan halinki gare ta, ba ta jin lallashi."
Ban yi dariya ba. Gudu ba tarbiyya ba ne. Sau biyu na kwaso ubansa daga asibiti saboda tsere da motar nan.

Alhamis, 7
Ya sauke tanki, ya wanke, ya hura tiyo. Wani mutum daga Toledo ya zo da 'yarsa ganin motar. Ta zauna a kujerata, ta gefen direba, tana taunar cingam.

Kujerata.

Juma'a, 8
Na tarar da Wendell zaune a ƙasa, hular ubansa a gwiwa. "Na kasa, Mama. Da Baba ne, minti biyar."

Ɓoye gaskiya ma ƙarya ce, ni na koya masa. Na durƙusa, na murɗe makullin. Motar ta tashi, tagogi na rawa. Ya daɗe yana kallona. Ban ba shi haƙuri ba, na ce ya share man da ya zubar.

Asabar, 9
Mun je jerin. Gyalena ya tashi a hanya, ban ce ya tsaya ba.

Dokar gidan nan daga yau: ba a sayar da motar, ba a wuce gudun mil arba'in, kuma ba ta fita sai ina kujerata.