Na ba Malam Sani baya

Daren Laraba, Daura

Yau na je intabiyun aikin koyar da lissafi a kwaleji. Takarduna ba su ba ni matsala ba, sun duba digirina na biyu da shaidar koyarwa sun ajiye. Sai suka miƙo mini alli, wai in koyar da su kamar ɗalibai.

Ashe Malam Sani na cikin masu tantancewar, shi da ya koya mini lissafi a sakandaren Dutsi. Tun ina yaro ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ta yaya zan tsaya gabansa in ce "kun gane?" Sai na juya ga allo, ina rubutu ina magana ƙasa-ƙasa har na gama. Amsar ta fito daidai.

Ya ce, "Habibu, allon dai ya gane. Mu fa?"

Da na fito ya same ni wajen babur. Na durƙusa, ya ce, "Tashi. A aji ba a jin kunyar kowa, ko ni."

Tun bayan isha nake maimaita darasin ina kallon ƙofar ɗaki. Ko ƙofar ma, da na tuno fuskarsa sai in sunkuyar da kai.