Ɗigon da Ya Tsaya a Salgaa

Zuwa ga Wanyonyi, Baban Nafula, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka a kan gonakin rakenmu na Webuye.

Na kira ka da sunayen nan ne don har yanzu naka ne, amma ka sani cikin fushi nake rubuta su. Ina bakin iyakar Malaba cikin layin tireloli, na kuma karanta saƙonka har na haddace shi: wai wa ya tsayar da ni a Salgaa, zangon direbobi?

Ni kake tambaya haka? Ni da na sa maka taswirar nan a wayarka da hannuna, don ka riƙa ganin inda motata take hankalinka ya kwanta? Na ba ka ita don ka rage kewata, kai kuma ka mayar da ita ɗan sanda. Ka zauna a shagon askinka kana kallon ɗigo shuɗi, da ka ga ya daina motsi sai ka miƙa wa abokanka wayar, suka yi ta dariya suna cewa ai kowa ya san abin da ke tsayar da direba a garin nan. Har yayana ka buga wa waya.

To bari ka ji abin da tauraron ɗan adam bai gaya maka ba. Tun safe cunkoson Nairobi ya riƙe ni, mota ba gaba ba baya, hayaƙi a ido, ƙafata a kan birki har ta yi tsami. Da na fita sai na ƙi hutawa, saboda wa? Saboda kai, don in sami sararin ratsowa gida in ga fuskarka kafin in wuce Kampala. Bayan Nakuru barci ya sace ni ina riƙe da sitiyari. Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta farkar da ni, na ga tirelar ta bar kwalta, ga wata mata a gabana da goyo da ɗaurin itace a ka. Ban san yadda na kauce mata ba. Har yanzu ina ganin idanunta.

Shi ne na tsaya. Na kulle ƙofofi, na yi kuka, na yi barci da takalmi a ƙafata. Abokin kwanana ke nan da kake nema: tsoro.

Ina mutumin da ya raka ni Mombasa farkon aurenmu? Ka tuna ranar da muryar matar nan mai nuna hanya a cikin waya ta ce mu yi dama, muka yi dama, ta kai mu tsakiyar kasuwa da mota mai tayoyi fiye da yatsun hannu? Masu tura baro na zagina, kai kuwa ka sauka kana ba su haƙuri, kana yi min jagora da baya da baya, ka dawo da gasasshiyar masara kana dariya kamar an ba ka sarauta. A ranar na ce wannan bishiya ce da zan jingina da ita. Yaushe ta fara fitar da ƙaya?

Na kashe ɗigon, Baban Nafula. Daga yau in kana son sanin inda nake, ka kira ni ka tambaya, zan faɗa maka gaskiya kamar kullum. Kuma duk inda idona ya yi nauyi zan tsaya, ko Salgaa ce ko bakin daji, ko duk masu aski na Webuye za su mutu da dariya. Gara Nafula ta tashi da uwar da ake yi da ita da ta tashi babu uwa.

Na wuce Webuye ban ratso ba, amma in na juyo daga Kampala zan biyo gida. Kada ka tare ni da kaza da tuwon ugali kana sosa ƙeya. Ka fara zuwa wajen yayana da abokanka ka wanke sunana a inda ka ɓata shi, sannan ka zo ka dube ni cikin ido.

Ina fushi da kai kamar kogin Nzoia a damina, kuma duk da haka babu wani namiji daga teku har iyaka da na taɓa yi wa kallo na biyu, ba kuwa za a yi shi ba.

Matarka a kan hanya da a gida, har ranar da za a rufe ni,
Naliaka